Oba-obar Safiyo

Asabar, 5 ga Afrilu

Babba, ɗanmu na fari, ya zo da rana da wata sabuwa. Wai ya kama mana masauki a bakin wani tafki tsakanin duwatsu, mako guda, mu je mu huta gaba ɗaya: ni, mahaifinsu, shi da matarsa, da Auta. Ya nuna hotuna a waya. Ɗakunan katako, itatuwa, ruwa. Sai can ƙarshe, kamar abin da ba shi da muhimmanci, ya ce wurin babu sabis ko kaɗan. Wai abin da ya sa ake zuwa ke nan.

 Na kalli Safiyo, mahaifin nasu, na ga yana murmushi da ɓarin bakin da ke motsi. Rabon da in ga idonsa haka tun kafin bara, kafin ranar da na same shi kwance a banɗaki, ruwa na zuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, da sanda. Hannun dama bai dawo ba. Magana kuma tana zuwa, amma sai ta ga dama, kalma ɗaya, a jira, wata.

Ya ɗora yatsa a kan hoton, kan 'yar hanyar da ta bi gefen ruwan. Ya ce, "Ni... kaɗai."

Na ce ba da ni ba. Na faɗi abubuwa da yawa, ban ma tuna rabinsu ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna filaye a daji, har sunansa ya ɓace kowa sai Safiyo, yau shi nake hana zagaya tafki. Na sani. Amma ni na buɗe ƙofar banɗakin nan, ba su ba.

Auta ce ta kawo maganar oba-oba, irin ta masu gadi. Ba ta buƙatar sabis. Ya rataya ɗaya, in riƙe ɗaya. Kafin in sami abin cewa duk sun amince, har da shi. 

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na yi tunanin in ce hawan jinina ya tashi, a fasa. Auta ma'aikaciyar asibiti ce, za ta auna ta kama ni.

Talata, 8 ga Afrilu

Mun je shagon kayan lantarki ni da Auta. Ban taɓa sanin abin nan iri-iri ne ba. Akwai manya baƙaƙe masu doguwar eriya, akwai ƙanana masu launi na wasan yara, akwai masu gilashi cike da lambobi. A jikin wani kwali an rubuta nisan da ya kusa kai daga nan zuwa wani gari. Na ce wannan nake so. Mai shagon ya yi dariya, ya ce wannan lissafin fili ne fetal, babu itace babu dutse. In akwai tudu tsakaninku, ku raba abin da aka rubuta gida goma, ku yi addu'a.

 Wurin da za mu ai tudun ne gaba ɗaya.

Na sa hannun damana a aljihu na riƙa gwada su da hagu, ɗaya bayan ɗaya. Wata madanninta tauri kamar an yi don maƙeri. Wata ƙarami ne, sai da farce. Wata sai ka danna nan ka murɗa can. Shekara talatin ina koyarwa a aji, ban taɓa jin na zama daƙiƙiya kamar yau ba. Auta ta gaji ta zauna a kan kwali.

Mai shagon ya tambayi wa za a saya wa. Na yi masa bayani, mai tsawo. Ya ce, "To Mama, ki zo da shi mana ya gwada da hannunsa."

Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Na ji haushinsa har muka iso gida.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mun kai shi. Ya sa farar rigarsa da hula kamar mai zuwa ganawa. Aka ba shi kujera a gaban kanta.

Mai shagon ya ce, "Baba, wacce ta fi maka daɗin riƙo?" Na ce mai sauƙi yake so, kada ta yi nauyi, kuma ba ya son mai haske da yawa. Yaron nan ya ce min, cikin ladabi dai, Baba yake tambaya. Auta ta sunkuyar da kai tana dariya. Zan gamu da ita.

Akwai wata da ba a danna komai, murya ce ke buɗe ta. Na ce shi ke nan, an gama. Aka gwada. Safiyo ya fara, "Ma..." ta buɗe, ya tsaya neman sauran, ta rufe. Ya sake, ta haɗiye farkon maganar. Ba a yi ta don mai irin maganarsa ba. Ya ajiye ta a hankali ya ture gefe, bai kalli kowa ba. Na juya ina duba fitilu don kada a ga idona.

Daga ƙarshe ya zaɓi wata rawaya, mai faffaɗan madanni a gefe, da maƙali a baya da za a maƙala a gaban riga. Ruwa ba ya shiga, in ji kwali. Ya maƙala a ƙirji, ya kai babban yatsan hagu ya danna, ya ce, "Malama." Ta fito tar a wadda ke hannuna. Sunan da yake kirana da shi ke nan tun ina sabuwar malama, amma ban taɓa jin sa daga cikin roba ba.

Guda uku muka ɗauka, ɗaya ta Babba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Gwaji. Safiyo a kujerarsa a falo, Auta ta fita da ɗaya tana tafiya tana surutu. Gidan mai, muna ji. Bakin makaranta, muna ji. Da ta sha kwana bayan dogayen benayen nan sai muryar ta fara kakkaryewa, sannan shuuu. Shiru.

Shirun nan ne ya tsaya min a rai. Ban san ko abar ce ta mutu ko mutumin ne ya yi shiru ba. Duk ɗaya suke a kunne.

Can kuma sai ga muryar wani ƙato yana cewa a buɗe ƙofar baya mota ta iso. Ashe mun faɗa layin masu gadin wani kanti. Safiyo ya danna ya ce, "An... buɗe." Ya yi dariya har da tari. Na ƙwace na canza lamba. Wannan mutumin ko ciwo bai raba shi da tsokana ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na sayi batir na ajiya fiye da hankali. Na ɗinke maƙalin da zare a jikin rigunansa biyu don kada ta faɗi. Surukata ta ce, "Umma, sai ka ce yaƙi za mu." Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Ban ce mata ba, na dai ci gaba da ɗinki.

Talata, 15 ga Afrilu

Mun iso. Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, amma ni ba kyan na gani ba. Na ga saiwoyi sun tsallaka hanya. Na ga tsakuwa. Na ga inda hanyar ta gangara ta bi bayan wani ƙaton dutse, ruwa a ƙasa, ba a hango mutum daga baranda.

Kafin a sauke kaya na tasa Babba gaba muka bi ta. Shi a gaba da oba-oba, ni ina tsayawa ina kira. Bayan dutsen tana ɗan shaƙewa amma ana ji. Mai kula da wurin ya ce tsofaffi da yawa na bin hanyar, har masu keken guragu zuwa wani wuri. Na ce masa tsofaffin wasu ne.

Na so a ce ba ta kai ba. Da na sami hujja.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ya tafi bayan karin kumallo. Sanda a hagu, hannun dama a aljihu yadda ya saba, abar rawaya a ƙirji. Bai waiwayo ba.

Na zauna a baranda da tawa a cinya. Na ce zan bari ya kai itacen farko. Ban bari ba. Na kira, ya ɗan jima, ya ce, "Lafiya." Na sake kira da ya kusa dutsen. Na sake da ya ɓace. Kowane kira sai an jima kafin ya amsa. Na ce ya riƙa amsawa da wuri. Na tuna masa saiwar nan ta kusa da benci. Na tuna masa hula.

Ya dawo a gajiye fiye da yadda na zata, gumi har wuya, amma fuskar nan fes. Ya ci abinci sosai. Da yara suka tashi ya ce, "Kina... yawan... kira." Na ce ai don haka aka saya. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, na ce na sani, zai ce ba yaro ba ne shi, na miƙa masa maganinsa. Ya sha.

Alhamis, 17 ga Afrilu

 Bari in rubuta yadda ya faru ko zan daina ganinsa.

Ya fita kamar jiya. An yi yayyafi da asuba, na ce a bari, Babba ya ce ƙasa ta sha, ba komai. Na kira sau ɗaya, ya amsa. Da ya shiga bayan dutsen na sake kira. Shiru. Na sake. Sai na ji ta buɗe, ƙas, da wata ƙara kamar an ja buhu a kan tsakuwa, ta rufe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na danna ina kiransa. Safiyo, Safiyo, kana ina, ka faɗi ne, ka yi magana, don Allah ka yi magana, kada ka motsa, ga mu nan, ka amsa min. Babba ya riga ya zura da gudu babu takalmi. Ni ina tsakar fili ina ta kira, ina salati, ina kira. Babu amsa. Banɗakin nan ya dawo min gaba ɗaya, har ƙarar ruwan famfo na ji. Na ce shi ke nan, ciwon ya sake kama shi, wannan karon a bakin ruwa, ni kuma na bari.

Babba ya kai bayan dutsen bai gan shi a hanya ba. Na ji yana ƙwala kira daga nesa.

Sai Auta ta kama hannuna. Ba riƙon lallashi ba, ɓamɓare yatsana ta yi daga kan madannin da ƙarfi. Ta ce, "Umma, saki! In kina dannawa ba ya iya shigowa!" Na ce ba ya magana. Ta ce in yi shiru. 'Yar da na haifa ta daka min tsawa a gaban surukata, na kuwa yi shiru.

Ba komai sai shuuu. Yatsana na neman komawa, ta riƙe.

Sai oba-obar ta buɗe. Numfashi. Numfashi kawai, mai nauyi. Na san wannan numfashin, shi ne na lokacin da yake haƙo kalma. A gida a nan nake shiga in ƙarasa masa. Auta ta sa tafin hannunta a bakina.

"Ƙasa," ya ce. Aka jima. "Wajen... kwale-kwale."

Babba ya ji a tasa. Akwai wata 'yar gangara da ta sauka wajen da ake ɗaure jiragen ruwa, ciyawa ta rufe ta, ba a gani daga sama. A can ya same shi zaune a cikin laka, ƙafa ɗaya a ruwa. Ya zame ne ya gangara. Gwiwa ta goge, gwiwar hannu ta fashe kaɗan. Sandar tana can cikin ruwa tana yawo. Auta ta duba shi tun daga ido har yatsun ƙafa, ta ce ba ciwon ba ne ya dawo, faɗuwa ce kawai.

Kawai.

Ya ce tun da ya faɗi yake dannawa yana faɗin inda yake. Duk lokacin da ya haɗa kalmar, sai ya ji muryata ta cika abin.

Na ce an gama. Ba sauran tafiya shi kaɗai, a nan ko a gida. Ba wanda ya musa min.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Bai yi magana ba yau. Ba irin ta ciwo ba, irin ta da, ta lokacin da yake fushi da ni yana da lafiya. Ya zauna a baranda yana kallon hanyar. Ya cire abar rawaya da kansa, ya tsinke ɗinkin da haƙori, ya ajiye min kusa da kofina.

Da la'asar mai kula da wurin ya kawo sandar, ya tsamo ta da ƙugiya. Auta ta goge ta miƙa masa. Ya karɓa ya miƙe. Sai ya kira ta da ido, ya nuna mata ta maƙala masa oba-obar a ƙirji, ya nuna ta danna tawa. Ta danna. Tasa ta yi ƙara.

Ya tsaya a tsakiyar baranda, sanda a hannun hagu. Ya kalli hannun. Ya kalli ƙirjinsa. Ya kalli hannun dama da ke aljihu. Sannan a hankali ya cusa sandar a hammata, ya saki, ya kai yatsa sama. Jikinsa ya yi tangaɗi, Babba ya tare shi.



Hannu ɗaya gare shi. Ko sanda, ko amsa ni. A shago a zaune ya gwada. A falo a zaune. Ni da na sa hannu a aljihu ina gwada madanni iri-iri, ban taɓa riƙe sanda a ɗayan ba. Duk kiran da na yi ranar Laraba sai da ya tsaya, ya nemi inda zai jingina, ya saki sandar, ya ce min lafiya. Jiya kiran ya same shi a kan gangara mai santsi, babu abin jingina, ya san in bai amsa ba zan haukace. Sai ya saki.

Abin da ya so gaya min ke nan ranar Laraba, na miƙa masa magani.

Na shiga ɗaki. Surukata ta biyo ni da ruwa, na ce ta bar ni. Tsoro nake ji har yanzu, amma yau na rasa wa zan ji wa tsoro, shi ko ni.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ruwa aka yi yini guda. Ba wanda ya fita. Na gode wa Allah, na kuma ji kunyar godiyar.

Na yanke igiyar jakata na ɗinka wa sandar madauki, yadda in ya saki za ta rataye a wuyan hannunsa. Ba don wani abu ba, zaman banza ne ya ishe ni. Ya gani. Ya zura hannu ya gwada sau biyu.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Gari ya washe. Bayan karin kumallo ya sa hula ya tsaya a bakin baranda. Bai tambaye ni ba, bai kuma tafi ba. Yaran duk suka sami abin yi a cikin ɗaki, munafukai.

Na maƙala masa abar. Na daɗe ina gyara ta, ta riga ta zauna. Na ce kada ya bi ta wajen jiragen. Na ce in ya gaji akwai benci. Akwai sauran abubuwa cike da bakina, na haɗiye.

Na ajiye tawa a kan tebur, can ƙarshe, na ɗauko kwanukan safe duk da ba ni ce da wanki ba. Na ga ya wuce itacen farko. Na ga ya kai dutsen. Na ga babu shi. Na wanke kofi ɗaya har ya fara ƙara a hannuna. Na ga gangarar, na ga lakar, na ga komai. Sau nawa na goge hannu na nufi teburin, ban ƙirga ba. Sai in koma in sake tsoma shi cikin kumfa.

An daɗe. Oba-obar ta buɗe da kanta, ƙas.

Na tsaya da kwano a hannu. Numfashi. Ƙarar ruwa a bayansa, da wani tsuntsu. Numfashi. Na zauna a kan dakali. Na sa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinya na danne.

"Malama," ya ce. Na jira. "Kin... yi shiru." Na jira. "Lafiya... kike?"

Sai da na ji ya saki, na ƙara jira kaɗan ko akwai saura. Babu. Na ɗauka na ce lafiya lau nake, ya yi tafiyarsa. Na cire yatsana.

Auta ta leƙo ta taga tana min wani kallo. Na ce mata hannuna da kumfa ne tun ɗazu, kada ta ɗauka wani abu.

Ya dawo kafin azahar, wandonsa tsaf. Yana barci yanzu. Gobe ma zai ce zai je, gobe ma zan ji tsoro, wannan ba abin da zai canza shi. Sai yanzu da nake rubutu na tuna ban tambaye shi ba. Har yanzu ban san a ina ya tsaya ya kira ni ba.